Allura, Gishiri Da Buhun Taki: Ƙananan Abubuwan Da Suka Sauya Duniya

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsofaffi ya taɓa jin irin wannan lissafi. Ka tambayi kaka 'ya'ya nawa ta haifa, ta ce goma sha ɗaya, sannan ta ƙara da cewa huɗu ne Allah ya raya mata. Ba ta faɗa da mamaki, domin maƙwabciyarta ma haka take, kishiyarta ma haka. Mutuwar yara ta yi yawan da har aka tanadi sunayen da ake raɗa wa ɗan mai wabi, irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi, ko Allah zai sa wannan ya tsaya. Kuma ba ƙasar Hausa kaɗai ba. Masana sun kiyasta cewa wajen shekarar 1800, a duniya baki ɗaya, cikin yara 10 da aka haifa sama da 4 ba sa kai shekara biyar. Gidan sarki da gidan talaka, Landan da Alƙahira da Katsina, duk kanwar ja ce. Yau a duniya adadin bai kai 4 cikin 100 ba.

Rai da ajali na Allah ne, wannan babu musu. Amma Allah yana sanya sababi, kuma sababan da suka kawo wannan sauyi an san waɗanda aka yi su a hannunsu, an san shekarun da aka yi su. In ana hirar manyan ƙirƙire-ƙirƙire, hankali ya fi tafiya ga masu ƙara da ƙyalli, kuma ba a raina su. Injin buga littafi da Gutenberg ya haɗa a Jamus wajen 1450 ya sauko da littafi daga gidajen masu hali zuwa kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin ka ce kwabo gyaɗa ta zama dukiya, ayarin raƙuma masu keta sahara zuwa Tarabulus ya ƙarasa durƙushewa. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, yau mai sayar da albasa a Aliero yana jin farashin Legas kafin ya ɗora buhu a mota. Sai dai a ganina, abubuwan da suka fi taɓa rayuwar ɗan Adam ƙanana ne, masu arha, waɗanda mun saba da su har mun daina ganinsu. Tarihinsu kuma yana nuna cewa tsakanin ranar da masani ya gano abu da ranar da abin ya isa ɗakin talaka akwai doguwar tafiya, wadda wani lokaci ta fi ganowar wuya.

Mu fara da agana, tunda matasan yau sunanta kawai suka sani, wasu ma ba su san shi ba. Cikin mutum 10 da ta kama, wajen 3 ba sa tashi. Waɗanda suka tashi kuma ta bar su da zanzana a fuska, da yawa ta tafi da idanunsu. A ƙarni na 20 kaɗai an kiyasta ta kashe mutum miliyan 300.

Tun kafin likitocin Turai su san abin yi, mutanen Afirka da Indiya da Sin da Turkiyya suna da dabara. Sukan ɗebo ɗan ruwan ƙurjin mai agana su sa a tsagar da aka yi wa mai lafiya, ya yi ciwon sama-sama, daga nan ba ta sake kama shi. Wani bawa da aka kamo daga Afirka aka kai birnin Boston na Amurka, wanda suka sa wa suna Onesimus, shi ya bayyana wa ubangijinsa wannan dabara, ya nuna masa tabon da ke jikinsa. Da annobar ta ɓarke a birnin a 1721 aka gwada. Cikin waɗanda aka yi wa tsagar, wajen 2 cikin 100 suka mutu. Cikin waɗanda ciwon ya kama haka kawai, wajen 14 cikin 100. Dabarar tana da amfani, amma tana da haɗari, don wanda aka yi wa yana iya shafa wa wasu.

A 1796 wani likitan karkara a Ingila, Edward Jenner, ya bi diddigin maganar da ake yi a ƙauyukansu, cewa matan da ke tatsar shanu, in suka ɗauki wani ɗan ƙurji daga hantsar saniya, agana ba ta kama su. Ya ɗebi ruwan irin wannan ƙurji ya sa wa wani yaro ɗan shekara 8, daga baya ya gwada shi da aganar kanta, ba ta kama shi ba. Asalin allurar rigakafi ke nan. Jiki yana haɗuwa da cuta mai rauni, ya koyi yadda zai yaƙe ta, ranar da mai ƙarfin ta zo ta same shi a shirye.

To, ga inda nake so mai karatu ya tsaya. Shekara 171 bayan aikin Jenner, wato a 1967, agana tana nan tana kama sama da mutum miliyan 10 a shekara, tana kashe wajen miliyan 2, akasari a Afirka da Asiya. Maganin yana nan, amma bai isa ba. Ruwan rigakafin ba ya jure zafi, kafin a kai shi ƙauye ya lalace. Sai da wani masani a Ingila, Leslie Collier, ya samo hanyar busar da shi ya zama gari a shekarun 1950, yadda zai yi makonni cikin zafi bai ɓaci ba. Sai da wani Ba'amurke, Benjamin Rubin, ya ƙera wata 'yar allura mai baki biyu a 1965, wadda ke ɗauko ɗigo guda tsakanin bakunan nata. Da ita, abin da a da ake yi wa mutum ɗaya sai ya ishi huɗu, ana tafasa ta a sake amfani da ita, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba ana iya koya masa cikin ɗan lokaci.

Dabara ta uku a Najeriya aka same ta. A ƙarshen 1966 agana ta ɓarke a yankin Ogoja, ga shi ruwan rigakafin da ke hannun wani likita mai suna William Foege bai isa a yi wa kowa ba. Sai ya sa aka riƙa nemo duk inda mai ciwo yake, a yi wa mutanen gidansa da maƙwabtansa da kasuwannin da suke ci, a zagaye cutar ta rasa wanda za ta faɗa wa. Annobar ta mutu alhali ba a yi wa yawancin jama'a ba. Wannan tsari aka ɗauka aka bi duniya da shi. Dattawanmu suna tuna masu lamba da ke zuwa ƙofar dagaci, kuma da yawansu tabon yana nan a damtsensu. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Najeriya. Wanda ta kama na ƙarshe a duniya ta hanyar yaɗuwa cikin jama'a wani mai dafa abinci ne a asibitin garin Marka na Somaliya, Ali Maow Maalin, a Oktoban 1977. Ya warke, daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna. Ranar 8 ga Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa agana ta ƙare. Makiyaya ma sun ga irin wannan. Bushiya, wadda ta share garken shanu a faɗin Afirka a shekarun 1890, allurar da Walter Plowright ya haɗa ce ta yi sanadin ƙarewarta, aka tabbatar da haka a 2011.

Mu da muke Arewa mun san yadda tafiyar ke tsayawa in jama'a suka daina yarda. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an sa wani abu a ciki. Zargin bai tabbata ba, amma tsoron yana da tushe. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da biyan diyya. Wanda aka taɓa cuta, dole ya riƙa tambaya. Sai dai yaran da aka hana ɗigon su ne suka biya bashin da ba su ci ba, cutar kuma ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe wajen 20. Ba jirgi ko na'ura ce ta gyara lamarin ba. Sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida ne suka gyara shi, har wasu ma'aikatan suka rasa rayukansu a Kano a 2013. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Borno a 2016, aka wanke Afirka daga gare shi a Agustan 2020. Amma tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo, Kano ce ta fi jin jiki, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba a yi musu rigakafi ba. Rigakafin mashaƙo kuwa tun shekarun 1920 ake da shi.

Abu na biyu ya fi allura arha, don akwai kayan haɗinsa a kusan kowane gida. Yaron da gudawa ta kashe, yawanci ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa ce ta kashe shi. Likitoci sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke ƙarin ruwa ta jijiya. Amma ƙarin ruwa yana buƙatar asibiti da ma'aikaci da kuɗi. In kuma aka ba mai gudawa ruwan gishiri zalla, hanjinsa ba ya tsotsewa yadda ya kamata. Wajen 1960 masana suka gano cewa a bangon hanji akwai wata kafa da gishiri ba ya shiga sai tare da sukari, kamar baƙon da ba a bari ya shiga gida sai ɗan gida ya riƙo hannunsa. In su biyun suka shiga, ruwa ya bi su. Kuma wannan kafa tana aiki ko mutum yana tsakiyar kwalara.

A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangladash, miliyoyin mutane suka gudu zuwa Indiya, kwalara ta faɗa wa sansanoninsu. Wani likita Ba'indiye, Dilip Mahalanabis, yana aiki a sansanin Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare masa. Sai ya sa aka riƙa haɗa ruwa da gishiri da sukari a manyan duro, ya ce wa 'yan uwan marasa lafiya su riƙa ba su da kofi. A inda wajen 30 cikin 100 ke mutuwa, adadin ya sauko ƙasa da 4. Bayan yaƙin wata ƙungiya mai suna BRAC ta ɗauki mata aiki, suka shiga gida-gida a Bangladash na tsawon shekara goma, suna koya wa miliyoyin iyaye mata yadda ake haɗin. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya tsaya wa wannan aiki tsayin daka lokacin da yake ministan lafiya daga 1985. A 1980 gudawa tana kashe yara sama da miliyan 4 a shekara a duniya. Yau adadin yana wajen rabin miliyan, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan wannan ragowar.

Wannan yana ci mini rai, domin babu wani dalili na kuɗi a ciki. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa zawon haƙori ne, zai wuce. Akwai inda ake rage wa yaro ruwa da nono wai don gudawar ta tsaya, alhali wannan shi ne hanzarta masa galabaita. In akwai fakitin haɗin gishiri da sukari da ake kira ORS, shi ya fi, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa, a haɗa da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. In babu, a sami tsabtataccen ruwa lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, duk a shafe, ba a tula ba, don gishirin in ya yi yawa yana cutarwa. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, ko ya yi amai a ɗan dakata a ci gaba, kar a daina ba shi nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In idanunsa suka faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a kashinsa, a tafi asibiti ana ba shi a hanya.

Gara ma a ce cutar ba ta shigo ba. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa ya gano daga famfo ɗaya suke shan ruwa. A 1908 aka fara zuba sinadarin kulorin a ruwan birni a Amurka. Duk da haka a 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Najeriya, sama da 3,500 suka rasu, mafi yawa a jihohin Arewa. Masai kusa da rijiya da famfon da ya shekara ba ya zuba su ne suka kashe mutanen nan, kuma wannan alhakin hukuma ne kafin ya zama na kowa.

Yaron da ya tsallake cuta kuma sai ya ci abinci. A 1900 mutanen duniya wajen biliyan 1.6 ne, a 2022 suka kai biliyan 8, kuma ƙasar noma ba ta ninku haka ba. Abin da shuka ta fi buƙata bayan ruwa shi ne naitirojin. Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, amma dawa da masara ba sa iya ɗaukarsa daga iska. Shi ya sa manoman kewayen Kano suka daɗe suna kwasar toka da shara da kashin dabbobi a jakuna daga birni zuwa gona, suna kuma shuka wake tsakanin gero, don saiwar wake tana tara wa ƙasa wannan sinadari. Turawa kuwa har jiragen ruwa suka riƙa turawa gaɓar Peru don kwaso kashin tsuntsaye. A 1909 wani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna cewa da zafi mai tsanani da matsi mai ƙarfi ana iya kamo naitirojin daga iska a mai da shi ammoniya. Carl Bosch ya mai da gwajin masana'anta a 1913. Daga nan yuriya da kamfa suka samo asali. Masana sun kiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau abincin da wannan taki ya noma suke ci.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Da ammoniyar nan ake haɗa abubuwan fashewa, kuma Haber da kansa shi ya jagoranci amfani da iskar guba a yaƙin duniya na farko a 1915. Inda aka cika zuba taki, yana gangarawa koguna ya kashe kifi. Mu namu ciwon daban ne, rashinsa ne. Da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, abin da manoman nahiyar ke zubawa bai wuce kilo 8 a hekta ba, suka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015, har yau ba a kai ba. Najeriya tana da iskar gas ɗin da ake yin yuriya da ita, tana da manyan masana'antu a Legas da Fatakwal, tana sayar wa ƙasashen waje, amma ƙaramin manomi kwano yake saya. In haka ne, ɗan abin da ya samu bai kamata ya tafi a banza ba. Yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa da rana tsaka, wani kaso mai yawa nata iska yake bi. A tona kusa da gindin shuka a binne ta lokacin da ƙasa ke da laima. A Nijar, masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore sun nuna cewa ɗan taki cikin murfin kwalba a kowane rami yana ƙara amfanin gero sosai. Takin zamani kuma ba ya maye gurbin na gargajiya, don shi ba ya gyara jikin ƙasa. Haɗa su ake yi.

Akwai ƙirƙira ɗaya da muke lalatawa da hannunmu. A 1928 Alexander Fleming ya lura a Landan cewa wani fumfuna da ya faɗa cikin farantin gwajinsa ya kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da shi. Sai bayan fiye da shekara goma Howard Florey da Ernst Chain suka mai da shi maganin fenisilin a Oxford. Wani ɗan sanda da aka fara gwada shi a kansa a 1941 ya soma samun sauƙi, maganin ya ƙare, ya rasu. Kafin wannan magani, ƙaramin rauni ko zazzaɓin jego yana iya kai mutum kabari. Tun 1945 Fleming ya yi gargaɗi cewa in ana shan sa ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Abin da ya ji tsoro ya faru. Wani babban bincike ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina ji, kuma yammacin Afirka ya fi ko'ina yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. Dalilin yana gabanmu kullum. Mai mura ya shiga kemis a ƙirga masa kafso biyu, alhali kafso ba ya maganin mura. Mai talla yana yawo da magani a faranti cikin rana a tasha. Mai kaji yana zuba shi a ruwan shansu daga ƙyanƙyasa har yanka. Kowane irin wannan yana horar da cuta ne, ranar da ɗanka zai kwanta da ciwon huhu na gaske, a ba shi maganin ya ƙi aiki.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. A Arewa maso Yamma 187 ne, kusan ninki biyar na adadin duniya. Mafi yawan abin da ke kashe su, wato zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu da ƙyanda da tamowa, an riga an ƙera abin kare shi ko maganinsa tun kafin a haifi iyayensu.

Gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, ku sa firjin asibitin karkara ya yi aiki, ku gyara famfo, ku kai taki kafin damina ta yi nisa, ba bayan an yi huɗa ba. Limamai da masu unguwa, jama'a sun fi jin maganarku a kan ta baƙo, ku faɗa musu. Kai kuma maigida, yau ɗin nan ka ce a ɗauko katin rigakafin yaranka ka duba da idonka. In akwai allurar da aka tsallake, ka ba da izini da kuɗin mota a kai su, a asibitin gwamnati kyauta ake yi.